Kwana a Hanya: Jagorar Doguwar Tafiyar Jirgi Mai Yada Zango a Wata Ƙasa

Wanda zai tashi daga Kano ko Abuja ko Yamai zuwa Guangzhou ta ƙasar Chaina sarin kaya, ko Indiya ganin likita, ko Malesiya karatu, dole ya canja jirgi a hanya. Da yawa daga cikin mutanenmu ta Addis Ababa suke bi, wasu ta Alkahira, ko Doha, ko Istanbul. Wani lokaci jiran awa uku ne, wani lokaci kuma jirgin farko zai sauke ka da dare, na biyu sai gari ya waye. Wannan kwanan shi ne abin da ke wahalar da matafiya, kuma ko za ka yi shi a kan gadon otal ko a kan kujerar ƙarfe, ana yanke hukuncinsa ne tun ranar da ka biya kuɗin tikiti, ba ranar da ka sauka ba. Zan ɗauki Addis Ababa a matsayin misali, in taɓo sauran inda suka bambanta.

Mataki na farko: kafin ka biya ejan ko sisi

Ka ce ya turo maka jadawalin tafiyar a rubuce. Abin da za ka fara dubawa shi ne ko tikiti ɗaya ne ya haɗa jiragen biyu. Za ka ga wata lamba mai haruffa shida a sama; idan ita kaɗai ce ta ɗauki tafiyar daga farko har ƙarshe, to kamfani ya ɗauki nauyinka. Jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi, su za su nema maka wani ba tare da ka ƙara kuɗi ba, akwatinka kuma zai wuce da kansa. Idan kuwa ejan ya yanko maka tikiti biyu daban don ya fi sauƙi, to a ƙasar da ka yada zango sai ka fita ta shige da fice, ka ɗauko akwati, ka sake auna shi. Wannan na bukatar bizar shiga ƙasar, kuma idan ka rasa jirgi na biyu, kuɗinka ya bi ruwa. Araha ba ta ado. A ganina wanda bai goge da tafiya ba bai kamata ya karɓi tikiti biyu ba, ko nawa ne ragin.

Sai lokuta. Kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da aka ambata ne. Addis Ababa da Doha da Istanbul sun riga Najeriya da Nijar da awa biyu, Dubai da awa uku, Chaina da awa bakwai. Alamar +1 kusa da lokacin sauka na nufin washegari. Tarkon da ya fi cin mutane shi ne jirgin tsakar dare: idan an rubuta Talata 00:30, to daren Litinin za ka kasance a filin jirgi. Wanda ya je daren Talata zai tarar jirginsa ya yi kwana ɗaya da tafiya, kuma ƙa'idar kamfanoni ita ce idan ka rasa zango ɗaya ba tare da sanarwa ba, na'ura na soke duk sauran zangon, har da na dawowa gida.

Yanzu ka lissafa tsawon jiran, daga lokacin sauka zuwa lokacin tashi. Kamfanin Ethiopian Airlines na ba da otal da abinci da motar kai-da-kawo ga wanda jiransa ya kai awa 8 bai wuce 24 ba, da sharaɗin cewa jiragen biyu nasu ne a tikiti ɗaya, kuma babu wani jirgi da ya riga tashi wanda kai ka ƙi ɗauka. Qatar Airways da Emirates da Turkish Airlines su ma suna da irin wannan tsari, amma kowanne da awanninsa da irin tikitin da ya cancanta, kuma mafi arahar tikiti sau da yawa ba ya ciki. Kada ka tsaya a kan "ai suna bayarwa" daga bakin ejan. Ka kira ofishin kamfanin da lambar tikitinka, ka tambaya: wannan tikitin nawa yana da otal? A ina zan karɓi takardar?

Mataki na biyu: bizar ƙasar da ba ita za ka je ba

A Addis Ababa da Doha da Istanbul da Alkahira, muddin ba za ka fita daga sashen masu canjin jirgi ba, ba a neman biza. Fita otal a cikin gari kuwa shiga ƙasa ne, sai an buga maka tambari. A tsarin Ethiopian Airlines izinin wucewa na tafe da takardar otal. A wasu ƙasashen kuwa kamfani zai ce ka cancanci otal, amma fasfonka ba zai fitar da kai ba sai da bizar da ka nemo tun daga gida.

Turai ta fi tsanani. Mai fasfon Najeriya ko Gana na cikin waɗanda ake nema wa bizar wucewa ta filin jirgi a ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ko da ba zai taka waje ba, sai dai in yana riƙe da bizar Amurka ko Kanada ko Japan mai aiki, ko takardar zama a can. Birtaniya ma na da tata. Amurka kuwa babu zancen wucewa ba biza. Wanda bai san wannan ba ba zai ma kai Turan ba, tun a kantar Kano ko Abuja za a hana shi katin shiga jirgi.

Fasfo ya rage masa aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kad, ana yin sa a ofishin kiwon lafiya na filin jirgi, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da allurar, don haka kada ka bari sai jajibirin tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har abada. Ka ɗauki hoton fasfo da biza da tikiti a waya, ka kuma buga su a takarda, domin waya na mutuwa a lokacin da aka fi bukatarta.

Mataki na uku: jakar hannu ita ce ɗakinka na daren nan

Babban akwati ba za ka sake ganin sa ba sai ƙarshen tafiya. Duk abin da za ka bukata tsakanin magariba da hantsin gobe, a jakar hannu zai zauna, ita kuma yawanci kilo 7 ake yarda da shi. Kaya sauyi ɗaya, buroshi da ƙaramin man goge baki, silifas, siririyar darduma, da rigar sanyi. Kada ka raina rigar sanyin. Addis Ababa tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, Kano ba ta kai 500 ba. Daga Nuwamba zuwa Janairu sanyin dare na sauka ƙasa da digiri 10, daga Yuni zuwa Satumba kuma damina ce mai ruwa kusan kullum. Mutum ya fito daga zafin Kano da 'yar shara, ya tsaya jiran mota a waje, sai ka ga haƙora na kaɗawa.

Magani duk a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, da takardar likita. Masu ciwon suga da hawan jini su tambayi likita yadda za su gyara lokutan sha saboda bambancin agogo. Tramadol da duk maganin da ke da kodin a ciki na iya kai mutum kurkuku a Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa idan babu takarda.

Duk abu mai ruwa, turare ne ko man shafawa, kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Babbar kwalba ko da saura kaɗan ne a ciki za a ƙwace. Amma gorar roba wadda babu komai a ciki tana wucewa, kuma ina ba kowa shawara ya riƙe ɗaya: ka cika ta ruwan sha bayan bincike, sannan ita ce butarka a bayin da babu komai sai takarda.

Fawa-bank ba ya shiga babban akwati, kuma kada ƙarfinsa ya wuce 100Wh, wato wajen 27,000mAh. Idan rubutun da ke jikinsa ya goge, jami'i na da damar karɓewa. Mai zuwa Chaina ya sani cewa tun Yunin 2025 ba a hawa jiragen cikin gida na ƙasar da fawa-bank marar tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta Chaina. Soket ɗin Habasha mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga, don haka ka sayi adafta a kasuwa kafin ka tashi.

Kuɗi kuwa, ka ware ƙananan daloli, na ɗaya da biyar da goma, masu tsabta, a aljihu daban. Katin bankin naira ba lallai ya yi aiki a waje ba. Ɗan kasuwa mai fita da abin da ya haura dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan na Najeriya, a Chaina kuma abin da ya haura 5,000. Kilishi da dambun nama ka ci abinka a jirgi, amma kada ka yi niyyar shiga da su Chaina ko Turai ko Amurka. Goro kuma an hana shiga da shi Saudiyya.

Mataki na huɗu: a kantar auna kaya

Ka isa awa uku kafin tashi. Idan ma'aikaciya ta manna takarda a hannun akwatinka, ka karanta haruffa ukun da ke jiki. CAN Guangzhou ke nan, DEL Delhi, KUL Kuala Lumpur. Idan ADD kaɗai ka gani, akwatin zai tsaya Addis Ababa, sai ka yi magana tun a nan. Ka nemi katin shiga jirgi guda biyu, ka tambayi takardar otal, domin wani lokaci tun daga nan ake bayarwa.

Za ta manna maka ƙananan rasit a bayan katin ko fasfo, ɗaya ga kowane akwati. Ka ƙirga su, ka tambaya akwati nawa na'ura ta nuna da sunanka, ka ɗauki hoton kayanka a kan ma'auni. Wannan ba tsoro ba ne na banza. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba a Saudiyya bayan ta tashi daga Kano zuwa Umara, saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwaya da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba, ba ta fito ba sai a Afrilun 2019 bayan bincike ya wanke ta. Haka nan zancen saƙo: duk wanda ya tare ka a filin jirgi ya ce, "Alhaji, don Allah taimaka ka riƙe min wannan, ƙanena zai karɓa a can," ka ba shi haƙuri. Ko na ɗan uwa ne, sai ka buɗe ka gani da idonka tun a gida.

Mai tafiya da tsoho ko majinyaci ya nemi keken turawa kwana biyu kafin tafiya. Kyauta ne, kuma ma'aikacin da ke tura shi ya san kowace kanta, zai rage muku rabin wahala. Abincin Musulmi, mai alamar MOML, shi ma a lokacin ake neman sa.

Mataki na biyar: an sauka Bole, filin jirgin Addis Ababa

Kano zuwa Addis Ababa tafiyar kusan awa biyar ce. A ce kun sauka 8:30 na dare, jirginka na gaba kuma 9:00 na safe. Kafin ka miƙe daga kujera, ka mayar da agogo lokacin garin. Ka duba aljihun kujera, a nan fasfo ya fi ɓata.

A ciki alamu za su rabu: masu canjin jirgi nan take su bi Transfer, masu shiga gari su bi Arrivals ko Immigration. Idan ba ka da takardar otal, ka fara neman kantar kamfanin ta masu wucewa. Ka yi sauri, domin jirage da yawa na sauka lokaci guda kuma layin na iya cin awa ɗaya. Ka miƙa fasfo da katin jirgin gobe. Takardar da za a ba ka na ɗauke da sunan otal da abincin da ka cancanta. Daga nan sai shige da fice, sai waje inda motocin otal ke jira. Ka nuna wa direba takardar, ka tabbatar sunan otal ɗin ya yi daidai. Wanda ya zo yana jan jakarka yana cewa tasi, ba ka bukatarsa, an riga an biya motarka. Ba kai ke zaɓen otal ba. Wasu na dacewa da Skylight, otal ɗin kamfanin da aka buɗe a 2019 dab da filin, wasu a kai su ƙananan otal na unguwar Bole.

A wajen karɓar baƙi ka tambayi ƙarfe nawa motar safe za ta tashi, kuma a nan sai ka buɗe kunne. Habashawa na da nasu lissafin agogo, wanda ke farawa daga fitowar rana. Bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne, sha biyun rana ƙarfe shida ne. Filin jirgi da tikiti na amfani da lissafin duniya, amma ma'aikacin otal ko direba na iya gaya maka nasu. Idan ya ce mota za ta zo ƙarfe sha biyu, mai yiwuwa shida na safe yake nufi. Ka miƙa masa biro ya rubuta, ka nuna agogonka ka ce wanne. Sannan ka saita ƙararrawa biyu a waya, ka kuma ce su buga maka wayar ɗaki.

Alƙibla a Addis Ababa tana arewa, ba gabas ba kamar yadda jiki ya saba. A Doha da Guangzhou wajen yamma take. Matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana ƙasaru, kuma akwai sauƙin haɗa salloli. Yadda za ka yi da sallar da ta riske ka a sama, ka tambayi malaminka tun kafin ka taso. Mai azumi ya sha ruwa da faɗuwar ranar inda yake, ba da agogon gida ba.

Abincin otal galibi akwai shinkafa da taliya da injera, wainar nan mai faɗi mai ɗan tsami da ake yi da wani hatsi mai suna tef. Idan kana shakkar yanka, ka tambaya ko ka tsaya kan wake da ganye da kifi. Kiristocin Habasha na azumin barin nama Laraba da Juma'a, don haka girkin da babu nama ba ya wuya a ƙasar. Ruwan gora za ka sha. Idan ka ji numfashi na sama-sama wajen hawa bene, tsayin garin ne, ka bi a hankali. Ganyen chat da za ka ga ana taunawa halas ne a dokar Habasha, amma laifi ne babba a Chaina da Saudiyya, ko reshe ɗaya kada ya shiga jakarka. Yawon dare a garin da ba ka sani ba, da fasfo da kuɗin sari a jiki, ba shi da wata riba. Ka yi wanka ka kwanta.

Idan babu otal

Ba ƙarshen duniya ba ne. Ka fara gano masallaci da bayi da allon jirage, sannan ka nemi wurin zama kusa da soket, inda akwai mutane da haske, ba lungu ba. Filin Hamad na Doha na da ɗakunan hutu kyauta masu kujerun kishingiɗa, na maza daban na mata daban. A Bole akwai otal a cikin ginin kansa da ake biya, akwai kuma falon hutu na kuɗi mai abinci da wurin wanka. Ga tsoho ko mai goyo, kuɗin ba asara ba ne. Masallaci wurin salla ne, a wurare da yawa ma'aikata na tayar da masu barci a ciki. Fasfo da kuɗi su kwana a jikinka ƙarƙashin riga, igiyar jaka a naɗe a hannu ko ƙafa. Idan ku biyu ne, ku yi barci bi da bi. Filaye da yawa sun rage sanarwa ta lasifika, kada ka dogara da cewa za a kira sunanka.

Mataki na shida: safiya

Ka koma filin awa biyu da rabi zuwa uku kafin tashi, domin safiya ita ce lokacin cunkoso a Bole. Za ka sake bin shige da fice da bincike, ruwan da ka ɗauko daga otal zai tsaya a nan. Lambar ƙofa da aka buga a katinka jiya na iya canjawa. Ka nemi jirginka a allo da lambarsa, ba da sunan gari ba, saboda gari ɗaya na iya samun jirgi biyu. Lokacin da ya shafe ka shi ne na fara shiga, ba na tashi ba, kuma ana rufe ƙofa minti 15 zuwa 20 kafin tashi. A ƙofar ka nuna rasit ɗin akwati, ka roƙi ma'aikaci ya duba ko kayanka sun hau. Akwatin da ya kwana a filin jirgi ya fi saurin a manta da shi.

Zango na biyu shi ne dogon: Addis Ababa zuwa Guangzhou ya kai awa goma. Kujerar gefen hanya ta fi, ka riƙa miƙewa kana takawa duk bayan awa biyu don gudun daskarewar jini a ƙafa, ka yawaita ruwa, ka rage shayi da kofi. In za ka yi alwala a bayin jirgi, ɗan ruwa kaɗan ya isa, ka goge ƙasa kafin ka fito.

Idan jirgin ya tafi ya bar ka saboda lattin na farko, kada ka fita daga sashen masu wucewa, kada kuma ka sayi sabon tikiti cikin ruɗewa. Kantar kamfani za ka koma su sake maka jirgi, ka nemi otal da abinci, ka sanar da mai tarbarka.

Idan ka isa akwati bai fito ba, kada ka bar zauren kaya sai ka je kantar kayan da suka ɓata an cike maka takardar rahoto da ake kira PIR, da rasit ɗin nan da aka manna maka tun a gida. Ka ba su adireshin masaukinka da lambar da za a same ka. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, kana da kwana 7 ka kai ƙorafi a rubuce idan akwati ya iso a fashe, da kwana 21 daga ranar da aka miƙo maka shi idan makara ya yi. Duk abin da ka saya na dole a kwanakin jiran, sutura ko sabulu, ka adana rasit ɗinsa ka haɗa da ƙorafin.